Murfi Ɗaya na Takin Kifi

Saura kwana goma sha tara a yi gasar awon kabewa, Hollis ya ɗaga farin zanin gadon da yake kare tasa daga rana, ya ga tsaga a gindinta. Ba ta wuce tsawon tafin hannu ba. Ya tsinko karan ciyawa ya zura, ya shige ciki bai taɓa komai ba. Dokar alƙalan gasa ɗaya ce: muddin tsaga ta kai ramin ciki, kabewa ta fita, ko da ta fi saniya nauyi.

Iri biyu mahaifinsu ya bari a gwangwanin taba, ɗaya nasa, ɗaya na wansa Murdoch da ke da gona a bayan shinge. Tun da ƙanƙara ta narke Hollis yake wa nasa bauta. Ya binne kowace gaɓa ta yaɗon don ta yi saiwa, ya shafa wa furen mace garin furen namiji da hannunsa ya ɗaure bakin da zare, ya yanke duk sauran 'ya'yan don abinci ya tafi wa ɗaya tak. Igiyar awo ta ce ta haura laba dubu da ɗari huɗu.

A gefen tsagar ya ga sawun takalmin roba. Shi ba ya taka ƙasar gonarsa sai ta kan katakon da ya shimfiɗa. Kuma jiya ta taga ya hango Murdoch tsugune a nan, ya ɗaga zanin.

Hollis ya ɗauki shebur ya tsallake shinge.

Murdoch yana durƙushe gaban tasa kabewar, yana tura yashi ƙarƙashinta. Bai ko waiwayo ba.

"A'a, Auta ne da sassafe? Ka zo ganin yadda manya ke yi? Ja kujera, kallo kyauta ne."

Bugun shebur na farko a kafaɗa ya sami Murdoch. Tsoho ɗan shekara sittin da huɗu ya kife cikin ganye, ya juyo ya ɗaga hannu don kare fuska, na biyun ya sauka a wuyan hannun. Hollis ya ji ƙarar karayar, kamar an taka busasshen reshe. Ya jefar da shebur ya hau ƙirjinsa, ya shiga naushi, har haƙori ya yanke masa bayan yatsa.

"Da wace wuƙa? Faɗi! Wuƙar Baba ka sa mata?"

Murdoch ya cusa masa gwiwa a ciki, ya damƙi ƙasa da hannun hagu ya watsa masa a ido. Suka mirgina kan yaɗo, ganye suna karyewa, har suka yi karo da durom ɗin ruwa. Nan ƙarfinsu ya ƙare. Murdoch ya tofar da jini da guntun haƙori.

"Ta fashe ke nan," in ji shi, yana haki. "Jaki. Na san za ta fashe."

"Ka sani tunda kai ka yanka ta."

"Je ka duba bakin tsagar. Wuƙa miƙe take yi. Taka ta yage ne daga ciki. Jiya iska ta kawo mini warin gonarka kamar kasuwar masunta, shi ya sa na leƙa. Murfi nawa kake zuba mata?"

Takin ruɓaɓɓen kifi da ciyawar teku ne, murfi ɗaya a bokiti, haka Baba ya koya musu. In sanyi ya fara shigowa fatar kabewa kan yi tauri, sai a rage mata ci. Hollis kuwa sati biyu ke nan yana zuba huɗu, kuma aka yi ruwan kwana biyu a kai.

"Kai ka ce mini taka ta fi tawa da laba hamsin," Hollis ya ce a hankali.

"Ƙarya na yi, Auta. Taka ce a gaba. Tsokanarka nake yi, kamar kullum."

"Da ka gani jiya, me ya hana ka ƙwanƙwasa mini ƙofa?"

Murdoch ya dubi hannunsa da ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa. Ya ce, "Na zo har bakin ƙofar. Na tsaya. Sai na koma gida na sha kofi."

Hollis ya kai shi asibiti a motar a-kori-kura. Da malamar jinya ta tambaya, Murdoch ya ce daga kan tsani ya faɗo. Ta dubi yatsun Hollis, ta rubuta abin da aka gaya mata. Za a kwantar da shi, a sa ƙarfe a hannun.

"Tawa tana shan taki yau," Murdoch ya ce ta kumburarren baki. "Ita kaɗai ta rage daga irin Baba. Ka ga dama ka ba ta, ka ga dama ka bari."

Da la'asar Hollis ya koma ya duba tsagarsa. Bakinta a yage yake, naman ya turo waje. Ya sari kabewar da gatari har ta rabe, ya tarar 'ya'yan cikinta farare ne, holoƙo, ba su nuna ba.

Ya tsallake shinge da galan ɗin taki. Ya binne yaɗon da suka kakkarya, ya cika bokiti, ya tsaya gaban kabewar wansa. Yanzu ya san murfi nawa ke fasa irinta, kuma ya san ba wanda zai ga sawun wuƙa. Ya tuna mutumin da ya zo bakin ƙofarsa ya juya ya tafi shan kofi. Ya tsiyaya murfi ɗaya, ya sake cika na biyu ya riƙe a saman bokitin, jinin yatsarsa yana ɗiga a ruwan.

Ya mayar da na biyun cikin galan, ya murɗa murfin har sai da hannunsa ya yi zafi.