Mashin a Gidan Takaba

Balkisu ta kafa bakin ƙaramar wuƙar a kan kusar ƙarshe, ta murɗa, kaskon kafiretan mashin ɗin ya faɗo mata a cinya. Wuƙar ita ce wadda tsofaffi suka damƙa mata ranar da ta shiga takaba, wai mai takaba ba ta rabuwa da ƙarfe. Ba wanda ya ce kada ta kwance injin da ita.

Tun da aka kai mijinta Magaji makwanci, duniyarta ta tsaya tsakanin ɗakinta, madafa, da wannan rumfar bayan rumbu inda tsohon mashin ɗinsa, Honda Benli, ya yi shekaru a jingine. Ranar rabon gado, Kalilu, wan marigayin, ya karɓi fadamar albasa ya ce zai riƙe wa marainiya, ɗiyar Balkisu, har ta girma. Da aka zo kan mashin sai ya yi dariya, ya ce a sa shi cikin rabon matar, ko masu sayen tsohon ƙarfe sa ɗauka. Aka shafa fatiha a kan haka.

Abin da Kalilu bai damu ya tuna ba shi ne ɗiyar wa aka kawo gidansu. Ubanta, Garba makanike na Jega Firchin, ya daɗe bai sami ɗa namiji ba, don haka Balkisu ce ta tashi tana wanke masa kayan injin a kwanon kananzir. Cikin watannin nan ta jiƙa fistin ɗin da ya kame, kullum tana ɗan buga shi da guntun taɓarya har ya saki. Ƙanenta Rabi'u, duk zuwan da zai yi gaisuwa daga Jega, sai ya ɓoyo mata wani abu a ƙasan ƙullin goro: yau ringi, gobe fulogi. Gasket kuwa da kwalin sukari ta yanka shi. Sun riga sun ƙulla shawara. Tun da aka ba Kabi jiharta, ma'aikata sun cika hanyar Birnin Kabi, ɗan kabu-kabu ba ya yini a zaune. In ta fita takaba, Rabi'u zai hau mashin, ita kuma ta koma gidan ubanta da ɗiyarta, ta huta da tsayawa bakin rumbu tana jiran Kalilu ya auna mata gero yana faɗin yadda hatsi ya yi tsada.

Ta zaro jet, wani ɗan hancin tagulla da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, wanda ta cikinsa fetur ke bi. Ta ɗaga shi sama, ba ta ga haske ba. Ta tsinke zaren waya guda ta soka a hankali, ta hura, ta sake dubawa. Ɗan ɗigon rana ya leƙo ta ramin.

Inna Gudiya, uwar mijinta, ta shigo tana jan ƙafa, ta fito da kwalbar fetur daga cikin mayafi.

"Ga shi. Wajen masu injin ban ruwa na samo. Na ce masu kwarkwata za mu kashe."

"Sannu, Inna. Maza sun fita?"

"Duk suna kasuwar albasa. Ke dai yi abin da za ki yi."

Balkisu ta mayar da kafireta, ta ɗaure, ta zuba fetur a tanki. Ta tamke zanenta, ta ɗora ƙafa a kan kik. Ta taka, shiru. Ta sake takawa, shiru. Gumi ya fara bin bayanta. Ta ja cok ta taka da dukan nauyinta, injin ya yi tari kamar tsoho mai mura, ya mutu. A na gaba sai ya kama.

Hayaƙi ya turnuƙe rumfar. Ƙarar ta cika gidan da aka yi watanni ba a ɗaga murya a cikinsa ba. Balkisu ta durƙusa, ta sa wuƙa tana juya kusar iska kaɗan-kaɗan, kunnenta a jikin injin, har kukan ya daina rawa ya zauna daram. Da ta ɗago sai ta ga tsohuwar ta zauna a ƙasa, ta dafa taya da hannu ɗaya, hawaye na bin kumatunta.

"Haka yake yi in ya shawo kwanar masallaci," in ji Inna Gudiya. "Tun daga can nake sanin ya dawo."

Balkisu ba ta san lokacin da ta hau sirdin ba. Ta kama kan mashin da hannu biyu, ta murɗa totur, ƙarfen ya yi ta kaɗawa a ƙarƙashinta yana neman hanya. Gabanta katanga ce ta jar ƙasa, ko taku biyu ba ta kai ba.

Can ta hango kan Amariya, matar maƙwabcinsu, ya leƙo ta saman katanga ya koma. Ta kashe injin.

"Ta gani," Balkisu ta ce.

"Awo. Kafin azahar ya kai kasuwa."

 Balkisu ta dubi mashin, ta dubi ƙofar zaure. Sai ta sake durƙusawa, ta kwance kaskon da ta ɗaure ɗazu, ta zare jet ɗin, ta ƙulle shi a bakin zanenta, ta mayar da komai yadda yake. Tsohuwar tana kallo.

Bayan la'asar Kalilu ya yi sallama, rigarsa na warin albasa. Balkisu ta ja mayafi ta koma bakin ƙofar ɗakinta, ta ba da baya kamar yadda aka saba.

"Inna, mi nike ji cikin gari? An ce mashin ɗin Magaji ya yi kuka gidanga."

"Ni ban ji ba. Ko injin niƙan gidan Sabo ne suka ji."

Kalilu ya nufi rumfar. Ya daɗe yana kallon sabon fulogi da injin da aka goge har yana ƙyalli. Ya buɗe tanki ya sunsuna. Ya tattare riga ya hau, ya yi ta taka kik har hularsa ta faɗi. Mashin ko tari bai yi ba.

Ya sauko yana haki, ya ɗauki hular ya kaɗe. Bai dubi inda Balkisu take ba, amma da ita yake.

"Rabon da anka yi, a kan mataccen ƙarfe anka yi shi. In yana da rai, dukiyar marainiya ce, kuma ni ke riƙon ta. Ya zauna nan yadda yake, ba ni da magana. Amma duk ranar da na gan shi bisa titi, ko Jega ne ko Maiyama, sai mun koma gaban malam."

Ya fita. Aka bar gidan da kukan tantabaru.

Balkisu ta shafa ƙullin bakin zanenta. Tana jin ɗan tagullar yana tokarar cinyarta. Ta shiga lissafin hanyoyi: ta Jega motocin albasar Kalilu ke bi, ta Birnin Kabi abokan cinikinsa ne, ta Jiga Birni kuwa dangin matarsa. Babu inda Rabi'u zai bi da wannan mashin ba a gane shi ba. Jumma'a zai zo da sabuwar sarƙa, yana murna. Ba ta san abin da za ta faɗa masa ba.

Da magariba ta kusa, tana tankaɗen gari, Inna Gudiya ta matso ta zauna kusa da ita. Ta daɗe tana murza yatsun ƙafarta kafin ta yi magana.

"Ɗiyata, kin ga na rufa miki asiri."

"Na gani, Inna. Allah ya saka."

"To ni ma ki yi mini abu guda. Duk ranar kasuwa, in sun fita, ki tada mini shi ko kaɗan in ji. Sai mu cusa tsumma a salansa, kar a ji ƙarar." Ta kama hannun Balkisu, gari ya shafe nata. "Kuma kar ki bari a fita da shi. Ke ma kar ki tafi. Wa zai tada mini shi in kin tafi?"

Balkisu ta dubi hannun tsohuwar, duk jijiyoyi, a kan nata. A masallacin unguwa ladan ya fara gyaran murya.

"To, Inna," ta ce.

Ta jawo rariya ta ci gaba da tankaɗe.