Ranar da Ƙidaya Ta Kuɓuce wa Bara'u

Dakta Bara'u mutumin Nguru ne, amma ya daɗe a Manchester. Yana zaune a unguwar Whalley Range, a wani tsohon gida da aka yanyanka aka mayar flat-flat, wato ƙananan gidaje, shi da matarsa Raki da 'ya'yansu uku: Shifa ce babba, sai Musbahu, sai autarsu Ihsan wadda ba ta daɗe da sauka daga baya ba.

Duk wanda ya ji aikin da yake yi a jami'a daga mutanen gida, sai ya yi dariya. Gaiwa yake bincike a kanta, kifin nan da yake binne kansa cikin laka idan tafki ya ƙafe, yana shaƙar iska har damina ta dawo. A ƙasan ginin sashensu akwai wani ɗaki mai ɗumi cike da tankuna. Nan yake wuni yana nuna wa gaiwa faifai biyu, ɗaya mai manyan ɗigo da yawa, ɗaya mai kaɗan, ya ga wanne za ta nufa a ba ta tana. Aiki ne na haƙuri, don gaiwa ba ta da ƙarfin ido, ba ta kuma da gaggawa. Masana sun ce cikin kifayen da ke raye, ita da danginta suka fi kusa da halittun da suka fara jan ciki daga ruwa suka hau tudu. Bara'u yana ganin idan har gaiwa ta san da yawa daga kaɗan, to wataƙila da wannan sanin aka fito daga ruwa tun farko, tun ƙafa ba ta gama zama ƙafa ba.

Wata Asabar aka gayyace shi taro a Birmingham ya yi bayani a kan wannan. Raki tana da aiki ranar a kantin magani, don haka ya kwashi yaran ya ajiye su can Birmingham ɗin, a unguwar Balsall Heath wajen yayarsa Inno, ya wuce taron. Da ya dawo ya tarar ta tuƙa tuwo da miyar kuka. Ya ci kaɗan ya ture kwanon, yana murza gefen kansa.

"Kai da kifinka," in ji Inno. "Sun tafa maka dai?"

"Sun tafa, Yaya. Kaina ne kawai ke sarawa tun safe."

"Kana shan maganin hawan jinin nan?"

"Ya ƙare. Zan je wajen GP, likitanmu, cikin satin nan."

Inno ta miƙe. Ta ɗaure wa yara alawar madara a leda, mijinta Alhaji Uba ya kai su tashar jirgin ƙasa ta New Street da la'asar sakaliya.

Jirgin a cike yake, amma sun sami kujeru masu tebur a tsakiya. Ihsan ta yi barci a cinyarsa tun kafin a fita daga gari. Musbahu ya matsa sai an raba alawa, Bara'u ya kwance ledar ya zazzage ta a tebur, ya fara warewa kashi-kashi kamar yadda ya saba. Sai hannunsa ya tsaya.

Ga alawa a gabansa, yana ganinta sarai, fara-fara, har da burbushinta. Amma bai san ko nawa ce ba. Ya ce a ransa zai ƙirga. Ya ɗora yatsa a kan ta farko ya ce ɗaya, ya matsa gaba, sai ya ji babu komai a wajen da kalma ta gaba take zama. Ya sake daga farko, hakan ta sake faruwa. Ya ture 'yan kaɗan gefe guda, ya tara sauran a ɗaya gefen, ya dubi nan ya dubi can. Bai iya cewa ga wanda ya fi yawa ba.

"Abba, that's not fair," in ji Musbahu. "Na Shifa ya fi nawa."

Bara'u ya dubi agogon hannunsa. Alƙaluman sun koma kamar tsagar da kaza ta yi a ƙasa. Ya buɗe tafin hannunsa na dama, yatsun suna nan, amma ya kasa gane wanne ne wanne, kuma hannun ya yi masa nauyi kamar aro. Gumi ya karyo masa a ƙeya. Shekaru ya yi yana karanta yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe adadi, ya san wajen da abin yake zaune a cikin kai, kuma ya san abin da ke sa shi ya mutu farat ɗaya ga mutum mai hawan jini. Ya fara salati a hankali. Salatin ya fito daidai, wannan ya ɗan riƙe shi.

Musbahu ya faɗi wata magana ya zame daga kujera. Bara'u ya gyaɗa kai ba tare da maganar ta shiga ba. Tunani ɗaya ne ya cika masa kai: kada ya faɗi a cikin jirgi mai gudu, tsakanin gari da gari, da yara a hannunsa. Da ya ji jirgin yana rage gudu, aka ambaci Wolverhampton, sai ya miƙe, ya saɓa Ihsan a kafaɗar hagu.

"Ku tashi, sauka za mu yi."

"Ba a zo ba fa, Abba," in ji Shifa.

"Na ce ku tashi."

Mutane suka tunkuɗo su zuwa ƙofa, masu sauka da masu hawa suna gogayya da akwatuna. Ya sami kansa a tsaye a dandamali, iska mai sanyi na dukan fuskarsa. Ya duba ƙasa ya ga yaransa. Ga fuska, ga fuska. Ya tambayi kansa ko sun cika, ya rasa da me zai auna. Wani abu yana motsi a ƙirjinsa kamar an cire masa wani sashe, amma ya ɗauka ciwon ne. Ƙofofin jirgi suka yi ƙara suka rufe.

Shifa ta waiga hagu da dama. "Abba, ina Musbahu? Ya tafi toilet. Ai ya gaya maka."

Jirgin ya riga ya fara tafiya. Bara'u ya bi shi da gudu da yarinya a kafaɗa, yana dukan gilashi da hannun da ba ya jin sa, yana kiran sunan yaron. Taga ta wuce, taga ta wuce, fuskokin baƙi suna kallonsa. Ƙafarsa ta dama ta harɗe, ya durƙushe a kan gwiwa, Ihsan ta farka ta tsala kuka. Yana nan a durƙushe har wutsiyar jirgin ta ɓace a kwana.

Wata ma'aikaciyar tasha, mace mai jiki da rigar aiki mai ƙyalli, ta iso da sauri. An rubuta Grace a ƙirjinta. Ta durƙusa kusa da shi ta tambaye shi da Turanci me ya faru. Ya ce ɗansa yana cikin jirgi. Ta ce shekarunsa nawa. Ya buɗe baki ya rufe. Ta ce wane tarago suka zauna, wace kujera, yara nawa ya taho da su. Ya dube ta kawai.

"Shifa," ya ce. "Musbahu. Ihsan." Sunayen ne kaɗai suka rage masa, ya yi ta maimaita su.

Shifa ce ta ba da amsa tana kuka: shekararsa shida, yana sanye da jar riga mai hula. Grace ta yi magana a rediyon hannunta, ta ce za a sanar da mai kula da jirgin, a sauke yaron a tasha ta gaba, Stafford. Sannan ta ƙura wa Bara'u ido. Ta ce ya yi murmushi. Ta ce ya ɗaga hannuwansa biyu. Na dama ya ɗagu kaɗan ya sulale. Ba ta ƙara tambayarsa komai ba, ta kira motar asibiti.

"Ba inda za ni," in ji Bara'u. "Sai na ga ɗana."

Ya ciro waya zai kira Raki, wayar ta nemi lambobin buɗewa, ya tsaya yana kallon su. Shifa ta karɓa ta buɗe, ta kira uwarta, ta gaya mata komai a hargitse, rabi Turanci rabi Hausa, sannan ta kara masa a kunne.

"Abban Shifa," in ji Raki. Muryarta a daidai take, amma ya ji yadda take riƙe ta. "Kana ji na? Idan motar ta zo ka shiga."

"Na bar shi, Raki. Ina kallo ban san babu shi ba."

"Na ji. Yanzu zan kira Yaya Inno ta zo ta ɗauki 'yan matan, Alhaji ya wuce Stafford. Ni ma ga ni nan tafe. Kai dai ka shiga motar. Irin wannan ciwon ba a jira da shi, ka fi ni sani."

Ya shiga. Aka bar Shifa da Ihsan a ofishin tasha tare da Grace. A cikin motar, yana kwance an ɗaure shi da bel, ba abin da yake gani sai yaro ya fito daga banɗaki ya tarar da kujeru wayam da alawa a warwatse a tebur. Idan ya firgita ya sauka a wata tasha kafin a gan shi fa? Idan wani ya riƙe masa hannu ya ce zo in kai ka wajen babanka? Musbahu yaro ne mai yarda da kowa. Ya yi ta tambayar ma'aikacin da ke kansa ko an ji labari, mutumin yana cewa tukuna. Bai san ko an daɗe ko ba a daɗe ba, don lokaci ma ya zame masa abu guda dunƙulalle.

A asibiti aka tura shi cikin na'urar hoton kai, aka fito da shi, aka ɗaura masa ruwan maganin da ke narkar da gudan jini. Likitar ta ce ya zo da wuri, ya yi sa'a. Bai ji sa'ar ba. Sai da wata nas ta zo ta miƙa masa wayarsa, ya ji muryar Alhaji Uba.

"Ga shi nan a hannuna, Dakta. Lafiyarsa lau. Wata tsohuwa ce ta zaunar da shi kusa da ita har mai kula da jirgin ya zo. Ya sha kuka dai, ya ƙi magana."

Bara'u ya juya fuskarsa ga bango, hawaye na bin kunnensa.

Hannun da ƙafar ba su daɗe ba suka dawo. Ƙidayar ce ta ƙi. Abin da ya fi tayar masa da hankali bayan ya koma Manchester shi ne salla. Zai tayar da kabbara, ya yi ruku'u ya yi sujada, ya ɗago bai san raka'a ta nawa yake ba, ko ya kusa sallama ko yanzu ya fara. Ran farko da ya gwada shi kaɗai, a zaune ya ƙare a kan darduma. Daga nan Raki ta riƙa zama a gefensa tana gaya masa inda zai zauna da inda zai miƙe. Da ya sami ƙarfi, wani maƙwabcinsu Ja'afaru ya riƙa ɗaukarsa zuwa masallaci a Moss Side, ya bi liman kawai.

Wata mai koya masa ƙidaya a asibiti tana zuba masa wake a faranti biyu ta ce ya nuna mai yawa. Makonni yana cinta. Wata safiya ya duba, sai kawai ya ga na hagu ya fi, ba tare da ya ƙirga ba, kamar yadda mutum ke ganin ja daga fari. Wannan ne ya fara dawowa. Alƙaluma da sunayensu sai daga baya suka biyo, a hankali, da gardama, kuma har yau idan lissafi ya yi tsawo yakan miƙa wa wani.

Musbahu kuwa ya ja baya da shi. Ba ya zama kusa da shi, ba ya yarda ya rufe ƙofar banɗaki ko a gida, kuma duk inda uwarsa ta sa ƙafa yana riƙe da gefen mayafinta. Bara'u bai matsa masa ba. Wata Lahadi da hantsi suna zaune a benci a Alexandra Park, su Raki sun yi gaba wajen lilo, sai yaron ya yi magana yana kallon takalminsa.

"Abba, ka manta da ni ne?"

"Ban manta da kai ba. Sunanka yana bakina. Kaina ne ya yi ciwo, na duba na kasa gane ko mun cika."

"Amma ai na gaya maka."

"Ka gaya mini. Ban ji ba. Ba laifinka ba ne ko kaɗan."

Yaron ya kaɗa ƙafa. "In kanka zai sake yin ciwo, ka faɗa mini kafin in tafi."

"In na ji alama zan faɗa maka. Kuma ina shan magani kullum yanzu, Ummanka ba ta ɗaga mini ƙafa."

Musbahu bai tashi ya bi uwarsa ba, ya zauna har suka dawo. Da sanyi ya shigo Bara'u ya koma aiki rabin wuni, aka haɗa shi da wata ɗaliba tana riƙe masa ɓangaren lissafi. Sai da shekara ta zagayo kafin Musbahu ya yarda ya sake hawa jirgin ƙasa, kuma ranar dukkansu suka tafi, har da Raki.