Ɗiyar Malam Hassoumi

Matar da ke bayan gilashi ba ta ko ɗaga kai ba lokacin da ta turo wa Sahadatou takardunta ta ƙarƙashin taga, kamar mai mayar da kwanon aro.

"Ba ma karɓar shaidar dangi, madam," in ji ta da Faransanci. "Mun kira farfesan da ya tsaya miki. Da bakinsa ya ce ke 'yarsa ce."

Sahadatou ta buɗe baki za ta yi bayani, sai lambar mai bi mata ta haska a bango. Ofishin baƙi na Lyon ba wurin bayani ba ne, wurin layi ne.

Ta daɗe a garin tana binciken ciwon sikila. Daga Dakar har Montréal, likitoci sun san hanyar gwajin jinin jarirai da ta fito da ita, har ana gayyatarta taro ana tafa mata. Amma takardar zamanta ta shekara-shekara ce, ta bana kuma ta kusa ƙarewa tare da kwantiraginta. Idan ta ƙare, sai ta bar aikin a tsakiya ta tattara ta koma gida. Shi ya sa da aka fito da katin gwanaye, wanda ake ba waɗanda duniya ta san da zamansu, ta sa rai cewa hanyar zama na dindindin ce ta buɗe mata. An ce ta kawo wani babba a fannin, wanda ba su haɗa jini ba, ya shaide ta. To, wa ya kai Malam Hassoumi?

Shi ya koyar da ita a jami'ar Yamai kafin aiki ya kawo shi Faransa. Shi mutumin Tawa ne, ita 'yar Damagaram, ko a kakannin kakanni ba su haɗu ba. Sai dai tun rasuwar mahaifinta, tana shekarar farko a jami'a, bai sake kiranta da sunanta ba, sai dai "ɗiyata".

Washegari ta hau jirgin ƙasa zuwa Paris, ta shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har Saint-Denis, inda tsohon yake zaune shi kaɗai tun da ya ajiye aiki. Duk hanya tana shirya maganar da za ta yi masa, duk wadda ta shirya sai ta ji ta yi mata nauyi a baki.

"Ɗiyata! Maraba, maraba!" Ya ja ta ciki yana murna, ya ɗora shayi, ya tambayi Lyon da sanyinta da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Bai ko jira ta gama amsawa ba ya ce, "Sun kira ni fa! Wallahi na wanke ki tas. Na ce musu wagga ba ɗaliba ba ce kawai, c'est ma fille, ɗiyata ce."

"Baba," ta ce tana kallon kofin da ke hannunta, "kalmar nan ce ta ɓata komai. Sun ɗauka kai ka haife ni. Sun yi watsi da shaidarka."

Tsohon ya ce, "To mi zan ce musu? Ɗaliba? Ɗalibai nawa na koyar, rabinsu ko sunansu ban riƙe ba. Na duba kalmar da ta fi kowace girma a wurina, ita na ba su."

"Na sani, Baba."

"To yanzu mi kike so in yi?"

"Ka sake kiransu, ka ce musu..." Kunya ta rufe ta, ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige.

Shi ya ƙarasa mata. "In ce ke ba ɗiyata ba ce." Ya cire tabarau ya goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. "Har Damagaram na tahi gaisuwar mahaifinki. Gaban mutane na ce na ɗauke ki. Amma kawo lambar. In wannan ne zai tsai da ke ƙasar nan, kawo."

Da yake kunnensa ya yi nauyi, sai ya buɗe muryar wayar ya ajiye ta a kan tebur. Suka sha kiɗan jira har shayi ya huce. Da wani ma'aikaci ya ɗauka, Malam Hassoumi ya miƙe tsaye, ya gyara hula kamar ana ganinsa, ya faɗi sunansa da muƙaminsa cikin tsohon Faransancinsa na makaranta. Sannan ya ce matar nan ba 'yarsa ba ce. Ba abin da ya haɗa su sai aiki. Ma'aikacin bai ji da kyau ba, sai da tsohon ya maimaita da ƙarfi.

Sahadatou ta san ita ta roƙa, ta san kuma gaskiyar takarda ce yake faɗa. Duk da haka sai ta ji maraicin da ta manta da shi ya dawo mata sabo fil.

"To, monsieur, wacce za mu ɗauka, ta farko ko ta yau?" in ji ma'aikacin, muryarsa ba fushi ba tausayi. "Shaidar da ta sauya baki ba ta da amfani a wurinmu. An riga an rufe fayil ɗinta. Tana iya ɗaukaka ƙara, amma ban ce hukunci zai fito kafin takardarta ta ƙare ba."

Layin ya katse. Tsohon ya zauna a hankali. Ba wanda ya kalli wani. Ta kwashe kofuna ta wanke, ta ce jirginta na yamma ne, ya ce haka ne, kada ta makara.

Ya rako ta har bakin ƙofa. Ya buɗe baki zai yi mata sallama irin ta kullum, sai ya tsaya, idonsa a kan takalmanta.

"Allah shi kiyaye hanya, Dokta," ya ce.