Wanda Ya Taɓa Kwamfuta Ranar Juma'a

Mutawakilu maƙaryaci ne, kuma ko wayon ƙaryar ba shi da shi. Shi ya lalata kwamfutar shagon buga takardu na kawunsa Alhaji Dramani a unguwar Nima, sannan ya ɗora laifin a kan Sherifa, wadda ke yin duk aikin shagon yayin da shi yake zaune bakin ƙofa yana latsa waya, yana jira a kira shi injiniya.

Ranar Asabar da safe Sherifa ta kunna kwamfuta, ta danna manhajar da take tsara takardu da ita. Manhajar ta buɗe, ta ɗan tsaya, sai ta ɓace. Ta sake gwadawa har sau uku. A ciki kuwa akwai takardun shaida arba'in da biyu na ɗaliban makarantar Malam Zakaria ta unguwar Maamobi, waɗanda za a yi wa walimar saukar Alƙur'ani washegari. Kowane suna da Larabci ta rubuta shi, da wasullansa, malam ya duba da kansa.

Kafin Alhaji ya gama sallama, Mutawakilu ya tare shi da bayani. Wai cuta ce ta shiga kwamfutar, daga finafinan da Sherifa ke kallo idan ba kowa, kuma ba magani sai a goge komai. Alhaji mutum ne da bai san bambancin kwamfuta da talabijin ba, ga shi ɗan ƙanwarsa ne ke magana. Ya gaya wa Sherifa cewa idan takardun nan ba su fito kafin la'asar ba, kada ta wahalar da kanta da zuwa ranar Litinin.

Ba ta yi musu ba. Ta san musu da mai surutu ɓata yawu ne. Ta buɗe wata takardar gayyatar biki da aka rubuta da Turanci zalla, ta buɗu lafiya lau. Ta koma kan takardar shaida, manhajar ta sake mutuwa. Ashe Larabcin ne ke kayar da ita. Wace irin cuta ce ke zaɓar harshe?

Sai ta buɗe baƙar tagar nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ta kira manhajar daga can, don ta ga abin da za ta faɗa kafin ta mutu. Layi ɗaya ya fito, ya ambaci sunan wani ƙaramin fayil na tsarin kwamfutar, irin waɗanda ake kira laburare, wanda manhajoji da yawa ke dogara da shi. Aikinsa shi ne haɗa baƙaƙen Larabci da juna. An sabunta shi, tsohuwar manhajar kuma ba ta jituwa da sabon.

Mutawakilu ya leƙo ta kafaɗarta, ya ce, "Cale, ƙawata, wannan baƙin allo ba na mata ba ne. Tashi in goge."

"To injiniya, karanta mini layin nan tukuna," in ji ta.

Ya zura ido, ya ce hasken allon ya yi yawa, ya koma bakin ƙofa.

Tsohon fayil ɗin yana nan a ma'ajiyar da kwamfutar ke tara abin da ta taɓa saukewa. Sherifa ta mayar da shi wurinsa, ta kulle shi kada ya sake sabuntuwa, ta danna manhajar. Sunayen suka fito, wasulla a mazauninsu. Kafin azahar injin bugawa ya fara tofo takardu.

Da a ce Mutawakilu ya yi shiru, da maganar ta mutu a nan. Amma ya ce wa kawunsa ai dama ita ta ɓata, shi ya sa ta san gyara. Wannan ya sa Sherifa ta buɗe rajistar da kwamfuta ke rubuta duk abin da aka saka mata, da rana da lokaci, ta roƙi Alhaji ya matso.

"Baba Alhaji, jiya ne aka saka manhajar kallon ƙwallo, ita ta jawo sabon fayil ɗin. Ƙarfe ɗaya da minti goma sha bakwai."

Alhaji bai san laburare ba, amma ya san ƙarfe ɗaya na ranar Juma'a. A lokacin shago a rufe yake, Sherifa ta tafi gida tun sha biyu, shi kuma yana sahun gaba yana sauraron huɗuba. Makulli biyu ne kacal, ɗaya a hannunsa, ɗaya a hannun Mutawakilu. Ya tuna yadda ɗan ƙanwarsa ya shigo ƙarfe biyu da darduma a kafaɗa, yana yaba huɗubar wani masallaci na Maamobi.

Ya tambaye shi a kan me limamin ya yi huɗuba. Mutawakilu ya ce a kan tsoron Allah. Wawa bai ma iya ƙirƙiro abin da ya fi haka ba.

Alhaji ya karɓe makullin a gaban kowa. Ranar Litinin aka kai Mutawakilu kasuwar Abossey Okai wurin wani mai sayar da kayan mota, yana wanke tsofaffin ƙarafa da fetur daga safe zuwa magariba.