Naman Bandar Torfi

Shekara arba'in da ɗaya mutanen kwarinmu suka yi suna yabon naman bandar mahaifina. Sunansa Torfi, makiyayin tumaki ne, dogo mai manyan hannuwa, da muryar da ake ji har ƙetaren kogi. Da zarar an sauko da tumaki daga kan tsaunuka an yi yankan kaka, sai ka ga maƙwabta suna tsayawa a ƙofar gidanmu da cinyar rago naɗe cikin buhu.

"Torfi, ka rataya mini wannan cikin naka."

Shi kuwa sai ya karɓa yana jujjuya ta, ya taɓe baki, ya ce ragon bai ci ciyawar kirki ba, amma zai ga abin da zai iya yi.

Ɗakin bandar yana bayan gida, tsakanin igiyar shanya da garken tumaki. Kakana ne ya gina shi da duwatsu da ƙasa, har ciyawa take tsirowa a kan rufinsa. Ƙofarsa gajeriya ce, sai ka sunkuya. Ciki kuwa baƙi ƙirin, azarorin suna sheƙi saboda hayaƙin shekaru. Kashin tumaki muke ƙonawa, wanda suka tattake a garke duk tsawon hunturu. In sanyi ya tafi sai a yanka shi da shebur kamar tubali, a tsaga, a jera shi a iska ya bushe. Babu aikin da na tsana irin wannan, amma yau in na ji ƙamshin hayaƙin a jikin rigar wani a cikin gari, sai na waiga.

Kullum da safe, in Baba ya gama shan kofi, sai ya ɗauki ashana ya nufi ɗakin. Ya tula makamashi, ya hura, ya fifita da hularsa, har hayaƙi ya riƙa fitowa ta kowace kafa. Sai ya fito yana tari, hawaye na zuba, yana dariya.

"Yau kam ta kama, Steinunn!"

Mama tana bakin tagar kicin, sai ta gyaɗa kai kawai. Daga nan ya tafi da motar madara zuwa garin Húsavík, ko ya hau tudu gyaran shinge. In ya dawo da yamma sai ya tarar wutar ta kusa mutuwa, wani ɗan siririn hayaƙi ne kawai ke tashi. Ya zagi iska, ya zagi ƙofar da ya ce Kaka bai iya kafawa ba. Kowace shekara sai ya cusa ulu a tsagogin ƙofar nan, kowace shekara wutar ta ci gaba da mutuwa, naman kuma ya fito ja wur a ciki, mai laushi, da ƙamshin da ke kama gida har bayan Kirsimeti.

A wurin gashin nama kuwa babu mai ja da shi. Da bazara, ranakun Lahadi, yakan fito da rabin gangar da ya tsaga, ya cika ta da gawayi, ya ɗora ragar waya. Haƙarƙarin ɗan rago, gishiri da ɗan ganye, shi ke nan. Yana juya nama da yatsunsa, kitse na ɗiga wuta na tashi, mu muna zaune a kan ciyawa cikin rigunan sanyi muna korar ƙudajen tafki. Wuta mai ruri ita ce Baba ya sani.

Mama ta rasu a watan Afrilu na 1987. Ta kwanta da ciwon kai bayan abincin rana, ba ta tashi ba. Ni a lokacin ina koyarwa a birnin Akureyri, shekaruna talatin da uku. Na riƙa zuwa gida duk ƙarshen wata, ina tarar da Baba ya ci abinci a tsaye cikin tukunya, amma bai taɓa kokawa ba.

Sai wata Alhamis a watan Nuwamba ya kira ni a waya, mutumin da ko ranar da na gama makaranta bai kira ni ba.

"Katla, ki zo ranar Asabar ki ɗanɗana wani abu."

Tun daga bakin shinge na ji warin ba daidai yake ba. Na same shi a kicin, ya jera cinyoyi shida a kan tebur, biyu namu, huɗu na mutane. Sun yi baƙi, sun yamushe, kitse ya narke ya daskare a jikinsu kamar kyandir. Ya yanko mini ɗan siriri da wuƙar aljihunsa. Na tauna, ɗaci ya cika mini baki, ga tsami daga baya.

"Yaya?" ya ce.

"Baba, me ya faru?"

"Abin da na kasa ganewa ke nan. Bana fa komai ya tafi daidai. A ƙarshe na ci ƙarfin ƙofar nan. Kwana goma sha takwas, wutar ba ta mutu ba ko sau ɗaya."

Muna cikin haka muka ji ƙarar tsohuwar motar Inna Rannveig, ƙanwar Mama, wadda ke zaune ita kaɗai a ƙetaren kogi tun rasuwar mijinta. Ita da Baba ba su taɓa yin minti biyar a ɗaki ɗaya ba tare da gardama ba. Ɗaya daga cikin cinyoyin tata ce, ta zo ɗauka. Ta shigo tana karkaɗe dusar ƙanƙara daga takalmanta, ta tsaya, ta shaƙi iska.

"Wa ya ƙona taya a gidan nan?"

"Ga uwar surutu ta iso," in ji Baba.

Ta ƙwace wuƙar daga hannunsa, ta yanka, ta tauna, ta nufi wurin wanke-wanke ta tofar.

"Ragona da na yi shekara biyu ina lallaɓawa! Torfi, gasa shi ka yi ko binne shi?"

"Yadda na saba yi na yi. Shekara arba'in da ɗaya..."

"Shekara arba'in da ɗaya kana me?"

"Ina banda, mana!"

"Kana tayar da gobara dai. Yaya ce ke banda."

Na ce, "Inna," a hankali, don na ga inda maganar ta nufa. Ko kallona ba ta yi ba.

"A'a, Katla, bar ni. Na yi mata alkawarin yin shiru tana raye, ban yi mata na bayan ranta ba. Kai Torfi, da zarar ƙarar motarka ta ɓace a kwana, sai ta sa tsohuwar rigarka ta shiga. Ta kwashe rabin abin da ka tula, ta rufe sauran da toka, ta buɗe ƙofa zafin ya fita. Kashin bana da kake ɗebowa, jiƙaƙƙe, ta musanya shi da na shekara biyu. Duk kwana uku ta kashe wutar gaba ɗaya naman ya huta. Kai kuma ka dawo kana zagin ƙofa."

Baba ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

"Ke a ina kika san wannan? A gidan kike kwana?"

"A waya take gaya mini. Kullum ƙarfe goma."

Ni ce na fara fahimta. Har zuwa 'yan shekarun baya, layin waya guda ɗaya ne ya haɗa duk gidajen kwarin. In ta yi ƙara a gida ɗaya, ta yi a ko'ina, kuma babu matar da ba ta ɗagawa ta saurara, hannu a kan baki. Baba ma ya gane. Ya dubi wayar da ke jikin bango, ya daɗe yana kallonta.

"Kenan kowa..."

"Har limamin coci," in ji Inna.

Baba ya juya. Ya ɗauki hularsa ya fita. Ta taga muka ga ya wuce ɗakin bandar ko kallonsa bai yi ba, ya shige garke. Inna ta zauna a kujerar Mama, ta ɗora hannuwa a kan tebur.

"Na zaƙe, ko?"

"Kin zaƙe, Inna."

"To. Ɗora mana kofi."

Sai da kofin ya huce ya dawo, ciyawa a kafaɗarsa. Ya tsaya a bakin ƙofa bai cire takalmi ba.

"Ina take ajiye shi? Na shekara biyun."

Inna ta kai mu bayan rumbun ciyawa, inda wasu tsofaffin kwanonin rufi ke jingine tun ina ƙarama. Baba ya ɗaga su. Ga tubalan kashin tumaki a jere tsaf, tari uku, kowanne da ɗan sanda a soke an ɗaura masa zaren ulu, ja, shuɗi, fari, don a san na wace shekara ne. A gefe ga damman einir, tsiron nan mai ƙamshi na kan tudu, an ɗaure su da igiyar shanya. Baba ya ɗauki tubali ɗaya, ya ji ba shi da nauyi, ya murƙushe gefensa da ɗan yatsa.

"Kullum nake wucewa ta nan," ya ce. Can kuma ya ce, "Me ya hana ta gaya mini?"

"Na tambaye ta, ba sau ɗaya ba," in ji Inna. "Ni na ce tsoron bakinka take ji. Ita kuwa ta ce in ta gaya maka za ka daina fitowa da safe kana tari kana dariya, ita kuma abin da take tsayawa gani ke nan a taga."

Baba ya juya mana baya, ya shiga gyara kwanonin da ba sa bukatar gyara. Muka bar shi a nan.

Ranar Litinin ya yanka raguna uku daga cikin waɗanda ya ware don shekara mai zuwa. Baƙaƙen cinyoyin kuwa ko kare bai ba ba, ya haƙa rami ya binne. Aka sa sababbin a ruwan gishiri, ranar Juma'a aka rataye su. Daga nan Inna ta riƙa tsallako gada kowace safiya. Na koma makaranta, amma duk Asabar ina gida, kuma tun daga igiyar shanya nake jin su.

"Tubali biyu na ce!" in ji Inna.

"Wannan ai ko shayi ba zai dafa ba."

"Shayi muka zo dafawa? Sa hannunka a jikin naman. Da ɗumi?"

"Da sanyi."

"Haka ake so. Ajiye hular nan, kada ka kuskura ka fifita."

"Ke tun kina yarinya haka kike. Ranar aurena da yayarki ma sai da kika ce wandona ya yi gajere."

"Ya yi gajere mana, har yau akwai hoton."

Ranakun hutun nama su ne suka fi ba shi wahala. Ya yi ta zagaya ɗakin, ashana na ƙara a aljihunsa, har sai da Inna ta ƙwace ta ta tafi da ita gida. Wata Asabar na leƙa na same shi shi kaɗai a ciki, zaune a kan wata 'yar kujerar katako da ke lungu, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, yana kallon siririn hayaƙin yana hawa. Ya ce da ni bai taɓa lura akwai kujera a wurin ba.

Saura mako guda Kirsimeti aka sauke naman. Baba ya naɗe na mutane ya kai musu da kansa, gida gida. Ya dawo da wuri, fuskarsa ja, ya ce tsohon Hallur na bakin gada ya rungume shi ya ce, "Ka yi haƙuri, Torfi, matata ce ta hana ni magana."

Ranar Kirsimeti mu uku muka zauna, da dankali cikin farar miya da koren wake, kamar kullum. Baba ya yanka, ya sa a baki, ya daɗe yana taunawa. Inna ta yi kamar ba shi take kallo ba.

"Bai kai ba," ya ce.

Na ɗauka za ta tashi da faɗa. Sai ta ɗanɗana nata, ta ajiye cokali.

"Bai kai ba. Yaya ta fi ni haƙuri."

Sai kuma suka miƙa hannu tare, suka ƙara. Kafin a tashi daga tebur ƙashi ne kawai ya rage a faranti, suka koma gardamar wanda zai wanke tukunya.

Kaka shida suka yi suna wannan aiki tare, har ƙafafun Baba suka daina kai shi bayan gida. Amma wannan shekarar ta farko ita na fi tunawa. Ranar biyu ga Janairu na hau motar haya zuwa Akureyri, da guntun cinya naɗe a jarida a kan cinyata, wanda Baba ya bari ya ƙara mako biyu a rataye don a ci shi ɗanye. Kafin mu hau tudu ƙamshi ya cika motar. Wata mata 'yar birni ta toshe hanci da gyale, ta buɗe taga duk da sanyin, mutane suka yi mata caa. Direban ya dube ni ta madubi.

"Malama, in ba za ki ɓoye shi ba, ai sai ki raba."

Na ce ba ni da wuƙa. Wuƙaƙe huɗu suka fito daga aljihuna huɗu. Na zaɓi mai kaifi, na buɗe jaridar, na fara daga kujerar gaba.