Ruwan Zafi a Fakku

Da Nu'umanu ya dawo daga kwas ɗin da aka tura shi Japan, ya zo Tambuwal gaida mahaifiyarsa, Hajiya Hinde, wadda ciwon gwiwa ya zaunar tun bayan da ta bar aikin asibiti. Cikin hira ya nuna mata hoto a waya: wani tafki na duwatsu a tsakiyar itatuwa, tururi na tashi.

"Inna, can sai mutum ya cuɗa jikinai tas kafin ya shiga. Ya zamna cikin ruwan zafi har wuya, ba mai magana, sai kukan tsuntsaye."

Ta daɗe tana kallo, amma hankalinta ya tafi Fakku, garinsu, lokacin da ta je gida haihuwar fari. Kullum da sassafe marigayiya mahaifiyarta, Dada, takan zaunar da ita a bayan gida gindin tsamiya, ta tsoma ganyen runhu a tafasasshen ruwa ta riƙa fyaɗa mata. Hinde na ihu, Dada na cewa, "Yi haƙuri ɗiyata, zafin ga shi ka ɗaure ƙashi." Daga nan sai kunun kanwa, sai barci.

"Gobe ka kai ni Fakku," in ji ta.

Sun tarar da ƙanwarta Atu tana sussukar gero. Tsamiyar an sare ta, an yi ɗaki a wurin. Hinde ta tsaya tana duban bangon.

"Yaya, mi ya kawo ki ba sanarwa?"

"Wankan jego nika so."

Atu ta yi dariya har da riƙe ciki. "Da tsufanki? Ina jinjirin?"

Amma ta hura wuta, ta fita bakin fadama ta karyo runhu. Da ƙanshin ganyen ya bugi Hinde, sai hawaye. Hannun Atu bai kai na Dada nauyi ba, ruwan ma ta sirka shi, amma Hinde ba ta yi ƙorafi ba.

Bayan wanka suka baje a tabarma, Atu na murza mata man kaɗe a gwiwa, suna ambaton matan unguwarsu, na raye da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Magana na bakin Hinde barci ya ɗauke ta.

Nu'umanu shi kaɗai ya koma Tambuwal ran nan. Gwiwa dai ba ta warke ba, amma Hinde ba ta bar Fakku ba sai da aka ga watan azumi.