Kurmin Maidawa

Shekara biyu bayan ruwan da ya ci tsohon garin Maraɗi, kumandan mai mulkin ƙasar ya turo wani Nasara ƙauyen Jiratawa, ya dubo abin da ke sa gulbi zabtare gaɓa. Mutane suka sa masa suna Mai-Awo, don ba ya wuce itace bai zagaya shi da igiya ba. An ce daga bakin teku ya fito, inda ya shekara bakwai cikin taɓo yana binciken waɗansu itatuwa masu tsayuwa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje.

Maidawa aka ba shi ya yi masa jagora, don babu wanda ya san fadamar kamarsa. Maidawa bai musulunta ba, kuma shi ke riƙe da tsafin gidansu. Suna da kurmi a bakin gulbi, wanda gatari bai taɓa shiga ba. Kowace shekara, ruwan farko na sauka, sai ya kai jan zakara gindin tsamiyar da ke tsakiya ya yanka wa iskokin wurin. Kafin nan babu mai jefa iri a gidan.

Da farko ya yi ta kewayewa da Nasaran nesa da wurin. Amma mutumin yana da tambaya, yana kuma tsayawa ya ji amsa, har yakan durƙusa ya shinshina ƙasa. Maidawa bai taɓa ganin baƙo mai girmama itace haka ba. Ran nan ya kai shi.

Mai-Awo ya daɗe yana shafa saiwoyin da suka riƙe gaɓa. Ilyasu, tafintansa, ya ce, "Baba, ya ce tun da ya baro teku bai ga irin wannan ba. Ya ce wa ya tsare shi haka?"

"Mu," in ji Maidawa. Ranar ya koma gida yana jin kansa.

Da rani aka zo aka kafa duwatsu masu farar ƙasa kewaye da kurmin.

Ruwan farko ya sauka ran Laraba. Da hantsi Maidawa ya saɓo zakara, sai ya iske Ilyasu bakin dutse, cikin kakin masu gadin daji.

"Baba, ina zuwa?"

"Inda ka sani."

"Ba a shiga. Ya zama gandun gwamnati."

"Kai yaro, mi ka ce? Ni na kai ku!"

"Shi ya sa. Takardar Mai-Awo ta ce wurin na da daraja, a tsare shi daga mutanen ƙauye."

"To ni ne mutanen ƙauyen? Kira mini shi."

"Ya koma tekunsa tun watan jiya." Ilyasu ya kau da ido. "Ka yi haƙuri, Baba. In na bar ka, ni za a ɗaure."

Maidawa ya tsaya yana hango kan tsamiyar, tafiyar da ba ta kai jifa biyu ba. A gida mutum goma sha tara na zaune da ƙoren iri, ƙasa kuwa tana shan iska. Gobe ba ta shukuwa.

Ya juya. A hanya ya ratse bayan wani suri, ya yanka zakaran, bai kira sunan kowa ba, don babu mai ji a nan.

Matarsa Kyauta ta tarye shi ƙofar gida, ta dubi jinin da ke wuƙar.

"Maigida, sun karɓa?"

"Sun karɓa," in ji shi. "Ku ɗauki sungumi."